Tsauni: daga tsintar daji zuwa rumbun hatsi

Bahaushe yana yi wa noma kirari da cewa: na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Duk wanda ya bi hanyar Matameye cikin watan Satumba ba zai yi gardama da wannan kirari ba. Daga Damagaram mota takan nufi yamma har Takeita, sa'an nan ta karya kudu, ta ratsa Kance, ta shiga Matameye. Daga nan ne matafiyi yake neman motar kasuwa ko ɗan kabu-kabu zuwa Tsauni, ɗaya daga cikin komin tara na gundumar Kance, can wajen iyakar Najeriya. Tun daga bakin hanya har inda ido ya ƙare hatsi ne da dawa da wake da gyaɗa, gona ta kama gona, da ƙyar a ga ɗan saura inda akuya za ta yi kiwo. Itatuwan gawo suna tsaitsaye cikin karan hatsi ba ganye, kamar yadda ɗabi'arsu take da damana. A bayan gidaje kuwa ga rumbuna ana yi musu sabon jinka, ana jiran kaka.

Wanda ya ga haka sai ya ɗauka tun fil azal haka ƙasar take. To amma masanan da ke tonon kufai, wato masu karanta tarihi cikin ƙasa da ƙashi da tsingaro, sun nuna cewa noma bai kai tsufan da kirarinsa ya ba shi ba. A duk faɗin duniya shekarunsa ba su wuce 12,000 ba, hatsin da ke cika rumbunan Tsauni kuwa bai fi shekara 5,000 a hannun ɗan Adam ba. Kafin nan mutane sun yi dubun dubatar shekaru suna ci daga abin da daji ya ba su: farauta, su, tsintar ƴaƴan itace da kaɗe tsabar ciyawa. Yadda aka taso daga waccan rayuwa aka zauna wuri ɗaya labari ne da ya shafi ƙasar Nijar kai tsaye, domin wani babban sashe nasa a cikinta aka tono shi, sauransa kuma yana nan a gonakin Tsauni ga mai idon gani.

Lokacin da Tenere take da tafkuna

Farkon labarin yana arewa, inda yau babu komai sai rairayi. Tsakanin wajen shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, ruwan damana yana kaiwa har tsakiyar Sahara. Dalili shi ne wani sauyi da ke aukuwa sannu a hankali ga karkatar duniya da yadda take kewaya rana, wanda ya ƙara zafin bazara a arewacin Afirka, zafin kuma ya riƙa jawo iskar damana daga teku zuwa can cikin ƙasa. Tafkin Cadi a wancan zamani ya kai murabba'in kilomita dubu 350, alhali a shekarun 1960, lokacin da ake ganin ya cika, dubu 25 ne. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙumin dawa da aka sassaƙa jikin dutse, tsayinsa ya haura mita 5. Wanda ya sassaƙa shi ya san dabbar ido da ido.

A shekarar 2000 wani ayarin masana ƙarƙashin Paul Sereno na jami'ar Chicago ta Amurka ya shiga Tenere neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, sai ya yi kaciɓis da maƙabarta a wani wuri da ake kira Gobero. An ƙirga kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Mutanen farko da suka zauna wurin, tsakanin shekara ta 7700 da ta 6200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dogaye ne ƙarfafa, wasunsu sun kusa mita 2. Ba su da gona, ba su da garke. Da mashi na ƙashi da ƙugiya suke kama giwan ruwa, suna farautar dabbobin da ke zuwa shan ruwa, cikin tafkin kuma akwai dorina da kada. Fari ya kore su, wurin ya yi wajen shekara 1,000 ba kowa, sa'an nan wasu mutane dabam suka zo suka zauna daga 5200 zuwa 2500. Cikin kaburburansu ne aka tarar da wata mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe.

Maƙabarta shaida ce ta zama, gama mutum ba ya tara matattunsa inda ba ya da niyyar komowa. Ke nan inda abinci ya wadata, mafarauta da masunta sun iya zama wuri ɗaya tun ba a san shuka ba. Sun kuma ƙware ga sana'a. A Dufuna, cikin jahar Yobe ta Najeriya, wani makiyayi yana haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da jirgin ruwa da aka sassaƙa daga gungume guda, tsawonsa ya ɗara mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Masana na jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus ne suka tono shi a 1994. A Tagalagal kuwa, cikin duwatsun Bagzan na Ayar, Jean-Pierre Roset ya samo gutsattsarin tukwane masu shekaru wajen 10,000, waɗanda suke cikin mafi daɗewa a Afirka. Tukunya ce ta ba mutum damar dafa tsabar ciyawar daji ta zama kunu. Ashe tukunyar da matan Tsauni ke ɗorawa a murhu ta girmi gonar mazansu da dubban shekaru.

Saniya ta riga gona

A Gabas ta Tsakiya, tsakanin Falasɗinu da Siriya da kudancin Turkiyya da Iraƙi, alkama da sha'ir aka fara shukawa, garuruwa irin su Ariha suka kafu a kansu. A Sahara abin ya bi wata hanya dabam: kiwo ne ya fara zuwa. Tun wajen shekaru 7,000 da suka wuce shanu da tumaki da awaki sun bazu cikin Sahara. A kogon Takarkori na kudancin Libiya an gwada tsingaron wancan zamani an sami alamar kitsen nono a jikinsa. A Adrar Bus, arewa maso gabashin Ayar, ayarin J. Desmond Clark ya tono ƙasusuwan saniyar gida kusan cikakku a 1970.

Hikimar abin ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya san halin damanar Sahel. Ruwa yakan sauka a wannan kwari ya tsallake na kusa da shi. Garke yana da ƙafa, yakan bi hadari inda ya nufa, gona kuwa sai dai ta jira. Saboda haka makiyayan farko suka yi shekaru fiye da 2,000 suna yawo da dabbobinsu, suna shan nono, suna farauta, suna kaɗe tsabar ciyawa, ba su ga dalilin duƙawa ba. Wannan magana tana da nauyi a yau. Bafulatani ko Buzun da ke ratsa ƙasar Tsauni da bisashensa yana riƙe da sana'ar da ta girmi ta mai gonar da yake bi ta gefenta.

Yadda ciyawa ta zama hatsi

Daga wajen shekaru 5,000 da suka wuce damana ta soma ja da baya. Tafkuna suka ƙafe, ciyawa ta ragu, mutane suka riƙa gangarowa kudu suna bin kwaruruka. Cikin wannan matsi ne aka soma shuka abin da a da ake tsinta.

Hatsin daji har yanzu yana tsirowa a Ayar da sauran gefen hamada. Zangarniyarsa gajera ce, ƙwayarsa ƙanƙanuwa, lulluɓe da ƙaiƙayi da gashi, kuma da ta nuna sai ta zube ƙasa, don ta haka ciyawa take shuka kanta. Cikin dubban tsirrai akan sami ɗaya wanda ƙwayarsa ba ta zuba. A daji wannan naƙasa ce, amma ga mai yankan zangarniya ita ce ke isa gida. In ya ware wani abu daga abin da ya yanka ya shuka baɗi, to ya ƙara yawan mai riƙe ƙwaya ko da bai nufa ba. Shekara bisa shekara, har fiye da shekara 1,000, ƙwaya ta ƙara girma, zangarniya ta ƙara tsawo, aka wayi gari hatsi ba ya iya yaɗuwa sai da hannun mutum, mutum kuma ba ya iya rayuwa sai da hatsi.

Shaidar wannan maginan tukwane ne suka bar ta. Sukan cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, in aka gasa tukunya ƙaiƙayin ya ƙone ya bar siffarsa. A kwarin Tilemsi, arewa da Gawo ta ƙasar Mali, an sami tsingaro mai ɗauke da siffar hatsin gida na wajen shekara ta 2500 kafin haihuwar Annabi Isa. Binciken ƙwayoyin gado na hatsi da masanan cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu suka fitar a 2018 ya nuna asalinsa a yammacin Sahara, wajen shekaru 4,900 da suka wuce. Daga can ya bazu gabas da kudu, har ya ƙetare teku ya isa Indiya tun kafin shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Dawa kuwa daga gabas ta zo: an sami alamar nomanta kusa da Kasala ta ƙasar Sudan wajen shekara ta 3000. Wake ya bayyana a kufan tsakiyar Gana wajen 1800. Gyaɗa da rogo da masara baƙin jiya ne, daga nahiyar Amurka aka kawo su bayan 1492. Gona guda a Tsauni, mai hatsi da dawa da wake da gyaɗa, taron kasuwa ce ta iri daga kusurwoyi huɗu.

Ba sai an je Tilemsi ba kafin a ga yadda abin ya faru. Kowane manomi a ƙasar Matameye ya san shibra. Tana tsirowa tare da hatsi, tana kama da shi tana ƙarama, amma takan yi rassa barkatai da ƙananan zangarku, ta riga hatsi nuna, ƙwayarta kuma ta zube da an taɓa. Masana sun tabbatar da cewa shibra tana tsakanin hatsin gida da na daji, jininsu ne ya gauraya. Manomi yakan tuge ta wajen noma in ya gane ta, amma gidan da rumbunsa ya yi ƙasa yakan bar wata, gama ita ce ke fara kai wa yara abin kunu kafin hatsi ya nuna. In kaka ta yi kuma, maigida yakan zaɓi zangarku masu tsawo da cikar ido ya ɗaure su dabam don iri. Wannan zaɓen da hannunsa yake yi shi ne ainihin aikin da ya mai da ciyawa hatsi, kuma bai tsaya ba ko shekara ɗaya tun da aka fara shi.

Rumbu ya haifi gari

Wanda ya shuka dole ya tsaya. Zai yi noman fari da maimai, ya kori tsuntsaye, ya jira wajen kwana 90, ya girbe, ya ɗaure damma. Abin da ya samu cikin wata uku shi zai ci wata goma sha biyu, saboda haka sai rumbu, rumbu kuwa ba ya hawa bayan takarkari. Inda rumbu ya tsaya nan ake haƙa rijiya, nan ake binne iyaye, nan ake dasa gamba a kan iyaka, nan gado yake farawa, da shari'ar gado.

An ga wannan mataki-mataki a Gajiganna, arewa da Maiduguri. Makiyaya sun iso wurin wajen shekara ta 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, da shanu da awaki, suna tara tsabar ciyawa da shinkafar daji. Sai wajen 1200 hatsin gida ya bayyana a tukwanensu. Tsakanin 600 da 400, a Zilum da ke nan kusa, an riga an sami gari mai faɗin hekta 12, da ramukan ajiyar abinci masu yawa, da gwalalo kewaye da shi. Gwalalon yana faɗin abin da ya faru: wanda ya tara abinci ya tara abin da za a kawo wa hari.

Kayan aiki ma sun sauya. Gatarin dutse mai santsi da manoma kan tsinta a gonakin ƙasar Hausa, wanda ake kira gatarin aradu, hannun mutum ne ya goge shi, da shi aka yi saran farko. Daga baya ƙarfe ya zo. A duwatsun Termit, cikin jahar Damagaram, an sami alamun aikin ƙarfe da wasu masana suka kai shekarunsa 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, wasu kuma suna jayayya da wannan lissafi. A Taruga ta ƙasar Nok, tsakiyar Najeriya, an tono matoyan tama na ƙarnonin ƙarshe kafin haihuwarsa. Da hauya da gatari na ƙarfe aka iya buɗe daji mai kauri, shi ya sa maƙeri yake da girma a kowane garin manoma.

Sunan Tsauni kansa yana tuna wa mutum wani abu. Tsofaffin mazaunan ƙasar Hausa da yawa a gindin tsaunuka suka kafu, kamar Dala a Kano, da Kufena a Zariya, da Kwatarkwashi a Zamfara, gama dutse yana tara ruwa a gindinsa, yana kuma ba da mafaka ranar tsoro. Tarihin Kano ya nuna Barbushe na Dala a matsayin ƙasaitaccen maharbi, kuma labarin kafuwar ƙauyuka da dama yakan fara ne da maharbin da ya sami ruwa a daji ya kafa bukka. A jahar Damagaram akwai Kufan Kanawa, kufai mai ganuwa wanda Anne Haour ta bincika, aka sami alamun zama tsakanin ƙarni na 14 da na 17, mutanen yankin kuma suna cewa daga nan kakannin Kanawa suka tashi.

Rarar da ke cikin rumbu ita ce ta ciyar da wanda ba ya noma: maƙeri, masaƙi, malami, dogari, sarki. Ita ce ta kai tiya kasuwa, ita ce aka fara karɓa haraji. Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, in aka bi salsala, duka biyu ƴaƴan rumbu ne. Sai dai zaman ya zo da nasa nauyi. Manomi ya fi maharbi yawan aiki, matarsa ta gaji turmi da dutsen niƙa, cunkoso kusa da ruwa ya ƙara zazzaɓin sauro da cututtuka masu yaɗuwa, kuma wanda ya dogara ga tsiro ɗaya, ranar da tsiron ya ƙi, gari duka ne ke kwana da yunwa.

Dajin da bai bar gari ba

Maganin da kakanni suka yi wa wannan haɗari shi ne ba su saki daji gaba ɗaya ba. A kasuwannin ƙasar Matameye, kusa da masu awon hatsi da masu raken kwarin Korama, akwai layin mata da ƙananan ƙore: kuka, kalwa da daddawarta, tsamiya, aduwa, magarya, kanya, goruba, busasshiyar tafasa, yaɗiya, lalo, soyayyar fara. Mafi yawan waɗannan ba wanda ya shuka su. Tsinta ce, irin ta mutanen Gobero, kuma mata da yara ne suke riƙe da iliminta: wane ganye ake ci, a wane wata, yaya ake kashe ɗacinsa. Tuwo daga gona yake fitowa, amma miya rabinta daga daji take. Da rani samari sukan fita farauta da karnuka da sanduna, ko da abin da za su samo bai wuce zomo da kurege ba, sarautar Sarkin Dawa kuma tana nan a garuruwa da yawa tare da ta Sarkin Noma.

Ranar wuya ce ke nuna darajar wannan ilimi. A yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, da matsin abinci na 2005, abin da ya riƙe rayuka da yawa kafin taimako ya iso shi ne ganyaye, da tsabar ƙarangiya, da ƴaƴan anza waɗanda ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Abzinawa ma har yau sun san tara tsabar afazo. Wanda ya ga mace tana jiƙa anza ya ga abu biyu: alamar cewa rumbu ya ƙare da hukuma ya kamata ta lura da ita, da kuma gadon shekaru dubbai da ya hana gidan mutuwa.

Gawo shi ne inda daji da garke da gona suka haɗu. Yakan zubar da ganyensa da damana, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki. Da rani ya yi ganye, dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su ci ƴaƴansa su bar kashi. Hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau, kowa ya san haka. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare shi. Bayan farin 1984 manoma suka koma ga barin tsiron itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon tumɓukewa, abin da ake kira sassaben zamani. Binciken da aka yi a 2006 ya kiyasta cewa a ƙasashen Magarya da Matameye da Mirya kaɗai wajen hekta miliyan 1 sun sake yin itatuwa, mafi yawansu gawo, a ƙasar Nijar baki ɗaya kuwa ana maganar hekta miliyan 5. Da daji ya ƙare a bayan gari, manomi ya maido shi cikin gonarsa.

Abin da ke gaban Tsauni

Murhu duwatsu uku ne, kuma zaman da aka yi a wannan ƙasa a kan uku ya tsaya: gona, garke, daji. Yau gona tana neman cinye sauran biyun. Ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da ƴan kai a Nijar, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Gundumar Kance kaɗai ta kusa mutum dubu 400 a 2012, fiye da mutum 100 a kowane murabba'in kilomita, tana cikin mafi cunkoso a ƙasar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki goma ne suke raba ta. Hutun da ake ba ƙasa ta yi saura ya ƙare. Karan da a da ake bar wa shanun makiyaya su ci su bar taki, har a ba mai garke damin hatsi don ya kwana a gona, yanzu kwashe shi ake yi a kai kasuwa.

In ƙasa ta kasa, ƙafa takan tuna tsohuwar sana'arta. Cin rani zuwa Kano da Legas da Agadas da Libiya tsohon abu ne, amma a shekarun baya gundumar Kance ta yi suna da tafiyar mata da yara zuwa Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, akasarinsu daga wannan gunduma. Hamadar da fari ya kori mutanen farko daga cikinta, ita ce rashin gona ya mai da waɗannan bayin Allah cikinta. Tsakanin manomi da makiyayi kuma, abin da ya auku a Toda ta jahar Maraɗi a watan Oktoba na 1991, inda aka rasa rayuka fiye da 100, ya isa gargaɗi.

Dokoki suna nan. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye da aka sani da COFO, ta kuma amince da haƙƙin gona na gargajiya. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa, ta kare burtali da mashaya. Dokar 1997 ta hana tonon kufai da fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Abin da ya rage aiki da su ne, kuma a nan ne maganar ta iso ga masu karatu. Ma'aikacin da takardar sayen fili ta zo teburinsa, ya bincika ko burtali ne ko makiyaya kafin ya sa hannu. Attajirin da ya sayi gona a ƙauye, kada ya fara da sare gawo da toshe hanyar da mata ke bi su ɗebo ganye. Mai sayen hatsi da kaka ya tuna cewa wanda ya sayar masa da araha shi ne zai dawo saye da tsada a watan Yuli, kuma manomin da ya ci irinsa ba zai kawo komai kasuwa baɗi ba. Malamin gona da ke raba sabon iri daga INRAN ko ICRISAT ta Sadore, ya ƙarfafa wa manoma su ajiye nasu na gado tare da shi, gama iri irin su zango da ankutes zaɓen kakanni ne da aka gwada da fari iri-iri. Wanda kuma aka kawo wa gatarin aradu ko tsohuwar tukunya daga kufai, wurinta cibiyar IRSH ne ko gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai.

Nan da ƴan makonni za a shiga girbi a Tsauni. Za a kwantar da kara, a yanke zangarku, a ɗaure damma, amalanken shanu su yi ta jigila zuwa bakin rumbu. Mata za su bi baya suna kala, yara su kama fara, garkunan da suka yi damana a arewa su soma gangarowa suna jiran a buɗe gonaki. Gawo zai fara toho. A kowane gida kuma za a ware damin iri a ɗaga shi sama inda ɓera da gara ba sa kaiwa, a yi masa addu'a, a jira ruwan farko. Allah ya sa a ci lafiya, ya kawo damana mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya, amin.